Kurakuran da ke kashe zanen motsi tun kafin ya taka ƙafa

Aikin farko na ɗaliban zanen motsi, ko daga Jidda ya fito ko Makka ko Madina, kusan kamanninsa ɗaya: jarumi mai gashi cirko-cirko, an shafa kala, an sa inuwa, har da kiɗa. Da ya ɗaga ƙafa kuwa, sai ka ga kamar kwali ake ja a kan tayil. Zane ya yi kyau, motsi babu. Abin da ke jawo haka bai wuce 'yan abubuwa ba, kuma kullum su ake maimaitawa.

Na farko rashin lissafi. Fim yana tafiya da firem 24, wato hotuna 24 a jere, a daƙiƙa ɗaya. Yawancin masu zanen hannu suna barin kowane zane ya zauna firem biyu, wato zane 12 ke nan a daƙiƙa. Minti ɗaya zai ci zane 720. In kowane zane ya ɗauke ka minti goma, awa 120 ke gabanka, ga karatu ga jarrabawa. Amma ɗalibi zai ce labarin minti biyar zai fara da shi. Fara da daƙiƙa biyu, zane 24. Ka saita zane 12 a daƙiƙa a manhajar zane irin FlipaClip ko Krita tun kafin ka ja layin farko, domin in ka canza daga baya saurin komai zai birkice.

Na biyu shi ne wanda ya fi cin lokacin mutane: gyara layi da shafa kala kafin a gwada motsin. Haba ɗan'uwa! Wa ke yi wa ɗaki fenti bai tabbatar gini ya tsaya ba? Mutum zai kwana uku yana ƙawata zane na ɗaya, ya wuce na biyu, na uku, a jere, bai taɓa danna maɓallin kunnawa ba. Ya kai na 30 ya kunna, sai ya tarar kai ya ƙanƙance, hannu ya ƙara tsawo, jarumin ya zame zuwa gefen allo. Kuma ba zai iya gogewa ba, don wahalar da ya sha ta hana shi. Yadda nake yi: da'ira da sanduna kawai, layi a gurguje. A fara da ginshiƙan zane, wato inda motsi ya soma, inda ya kai ƙarshe, da inda ya juya. A kunna. In bai karantu a haka ba, kala ba za ta cece shi ba. Sannan a sa zanen da ke nuna hanyar da jiki ya bi tsakanin ginshiƙai biyu, a sake kunnawa, sai a cike sauran. Bayan kowane zane biyar ina ɗora sabon a kan na farko in auna girman kan jarumin. Gyaran layi da kala su ne na ƙarshe, kuma a leya daban, wato wata shimfiɗar zane da ake ɗorawa a kan ta farko.

Na uku tazara, kuma a nan ake gane wanda ya fahimci aikin. Ɗalibi ya kunna bawon albasa, wannan da ke nuna inuwar zanen baya da na gaba, sai ya riƙa sa kowane sabon zane a tsakiya cif. Sakamakon shi ne motsi irin na ƙofar lifta, gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Babu abu mai rai da ke tafiya haka. Zane kusa da kusa yana ba da motsi a hankali, nesa da nesa yana ba da sauri. Hannun da zai ɗauki dallar gahawa yana tashi a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya lafa in ya kusa, don haka zane su cunkushe a farko da ƙarshe, su warwatsu a tsakiya. Ƙwallon da aka saki daga sama kuma lissafinta sananne ne: in ta sauka taki 1 a firem na farko, a na gaba 3 ne, sai 5, sai 7. Ta bugi ƙasa ta baje a zane ɗaya tak, amma abin da ta rasa a tsawo ta same shi a faɗi, kada ta koma ƙaramar ƙwallo. Kowane tsalle ya gaza na baya tsayi. Kuna raina wannan darasi kuna cewa na yara ne. Wanda bai yi ƙwallon roba da ta ƙarfe da balan-balan ba har mai kallo ya bambance su ba tare da kala ba, bai isa ya taɓa zanen mutum ba.

Tafiya ma ana ɓata ta. Taku ɗaya yana da matsayi huɗu: diddige ya taɓa ƙasa, jiki ya sauka, ƙafa ta gifta 'yar'uwarta, jiki ya ɗaga. Tafiyar yau da kullum tana cin kamar firem 12 a taku, zane shida ke nan. Masu koyo suna mance saukar jiki da ɗagawarsa, kuma suna barin ƙafar da ke ƙasa tana zamewa. Ja layin ƙasa a leya ta daban, ka sa alama inda diddige ya sauka, kada ya gusa sai ya tashi. Kada kuma ka ce jallabiya ko abaya za ta rufa maka asiri. Zana ƙafafun tukuna, sannan ka ɗora tufa, kuma bakinta ya riƙa biyo jiki a makare da zane ɗaya ko biyu, ya ci gaba da lilo kaɗan bayan mutum ya tsaya.

Sauran a taƙaice. Hannu da kai a lanƙwashe suke tafiya kamar baka, ba a miƙe ba. Mai tsalle sai ya durƙusa tukuna, mai jifa sai ya ja hannu baya. Kada ka zana motsi da ka: jingina waya a bango, ka ɗauki kanka kana yi, ka duba firem bayan firem. Kanka ko abokin da ya yarda, ban ce ka je kasuwar Balad ta Jidda kana ɗaukar mutane ba, don ɗaukar hoton wani ba da izininsa ba yana iya kai ka gaban hukuma a nan Saudiyya. Allon gwaji mai faɗin 1280 da tsayin 720 ya wadatar, babba yana sa waya ta yi zafi ta riƙa maƙalewa, balle a watan Agusta. Fayil ɗin aikin kansa, ba bidiyon kaɗai ba, ka riƙa tura kwafinsa wani wuri duk daren Juma'a, da lamba a sunansa: tafiya1, tafiya2, tafiya3.