Yadda dattawan unguwa za su haɗa kai da 'yan sanda

Jama'a, ku bi ta kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a (PCRC) na ofishin 'yan sandan yankinku, tare da mai unguwa. A zaɓi dattawa biyar zuwa bakwai, har da iyaye mata, don sun fi kowa sanin shige da ficen unguwa da rana. A zauna da DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan yankin, sau ɗaya a wata, da hantsi.

Abin da ke rusa tafiyar shi ne fallasa mai kai rahoto. Sunansa ya tsaya wajen jami'i ɗaya tak, domin da zarar ya fita kowa zai kama bakinsa.

Saboda 'yan damfara, a riƙa tunatar da 'yan fansho cewa banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrinsa (PIN) ko lambar tabbatarwa da ake turo masa ta waya (OTP). A adana musu lambar gaggawa, 112, a wayoyinsu.