Shirin shiga jami'a tun kana lise (makarantar sakandare)

Masu yawan tambaya daga Garwa da Marwa a Kamaru kan yadda ake shirin shiga jami'a, ga matakan:

1. Tun a ajin Seconde (ajin farko cikin azuzuwa uku na ƙarshen lise), zaɓi layin da ya dace da burinka. Mai son likitanci ya bi kimiyya.
2. Duba takardar haihuwarka yau ɗin nan.

Hattara: harafi ɗaya a sunanka in ya saɓa da na takardun makaranta, gyaransa kan ci watanni, rajistar jarrabawa ta wuce ka.

3. Dage wa Probatoire, jarrabawar da ake yi kafin ajin ƙarshe. Ba shi, ba Terminale, wato ajin ƙarshen.
4. Adana takardun sakamakonka cikin leda, gara ba ta da tausayi.
5. Yi katin ɗan ƙasa kafin Bak, jarrabawar kammala lise.
6. Nemi tsofaffin tambayoyin gasar shiga makarantar da kake so.
7. Fara tara kuɗin jami'ar gwamnati: sefa 50,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci.