Rabin Magana: Kurakuran Masu Zaɓen Saƙonnin Masu Sauraro a Rediyo

Duk shekara sai an turo mana sababbin yara, wasu 'yan bautar ƙasa, wasu ɗaliban aikin jarida da suka zo sanin makamar aiki. Abin farko da ake miƙa musu shi ne wayar shiri, a ce: "Ga saƙonnin masu sauraro nan, zaɓo mana goma da za a karanta." Ana ba su ne saboda ana ganin ya fi kowane aiki sauƙi a gidan. Ni da na daɗe a kan teburin nan na san babu aikin da ya kai shi saurin janyo wa gidan rediyo rigima, kuma babu wanda ya kai shi saurin cutar da mutumin da bai ji ba bai gani ba. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane sabon zuwa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Aikin ba yau ya fara ba. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939 mutanenmu ke aika wa edita wasiƙa. Da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, takardu suka riƙa tafiya har Landan, ga kuma katunan zaɓi sonka da suka cika Rediyon Kaduna da sauran tashoshi. Amma wasiƙa kan yi makonni a hanya, ta kwana a tebur, mutum biyu ko uku su duba ta kafin ta kai bakin mai gabatarwa. Daga 2001 da wayar salula ta shigo Najeriya, tashoshin FM masu zaman kansu kuma suka yawaita, sai ya zama saƙo na shigowa, kafin minti biyu duniya ta ji shi. Yawancin ɓarnar da zan ambata daga gaggawar nan ta fito.

Zan fara da wanda ya ƙona ni, wato yanke wa mutum magana a tsakiya.

Wata damina muna shiri a kan rabon takin gwamnati, da yadda ake karkatar da shi kafin ya kai ga manoma. Saƙonni na ta zuba. Sai ga wani ya shigo daga wani dattijo, da sunansa da sunan ƙauyensu, yana cewa mai garinsu ya karɓi taki buhu arba'in ya kulle a ɗakinsa, bai ba kowa ko mudu ba. Nan saƙon ya tsaya. A lokacin saƙon tes ba ya wuce baƙaƙe 160, in ya fi haka yakan rabu biyu, wani lokaci rabi na biyun ya makara. Na san da wannan sarai. Na kuma ga maganar ba ta dire ba. Amma ta yi daidai da abin da muke nema, tana da zafi, ga lokaci na ƙurewa. Na kwafe ta a takarda na miƙa, aka karanta da suna da gari.

Bayan mun sauka na koma kan wayar, sai ga sauran: "sai da ya tara mu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya raba a gaban kowa, har matan da ke riƙon marayu sun samu. Allah Ya saka masa da alheri." Mutumin yabo ya aiko, ni na mayar masa da shi zargin sata.

Kwana uku bayan nan maigadi ya ce ina da baƙo. Na fito na tarar da tsoho zaune a benci, takalminsa na roba duk laka, ya ajiye 'yar rediyonsa a cinya, an ɗaure murfin batirinta da kyauro. Motar kasuwa ya biyo tun asuba. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, kai ne mai karɓar saƙo?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Rabin maganata ka faɗa. Ina ka kai sauran?" Ashe 'yarsa ƙanen mai garin take aure, kuma daren da aka karanta saƙon aka ce ta je gida sai an neme ta. Jikansa ne ya rubuta masa saƙon, har an yi wa yaron duka ana zaton shi ya sauya magana.

Mun karanta cikakken saƙon sau uku tare da neman afuwa. Ni da shugaban sashenmu muka je har ƙauyen, na cire takalmi na zauna a ƙasa gaban mai gari na yi bayani da bakina. An ɗauke ni daga shirin na wasu watanni, kuma ban ga laifin wanda ya ɗauke ni ba. Yarinyar ta koma ɗakinta. Tsohon kuwa bai sake aiko mana da saƙo ba har na bar shirin, alhali da mako ba ya wucewa ba mu ji daga gare shi ba.

To ku da kuke datse maganar mutane don ta shiga daƙiƙa ashirin, ku ji da kyau. Kowane ɗan makarantar allo ya san ba a karanta "Fawailun lil musallina" a tsaya, sai an haɗa da ayar da ke biye, in ba haka ba an juya ma'ana. Haka maganar Bahaushe take, nauyinta yakan zo ne a ƙarshe. Yakan fara da yabo ya ƙare da kuka, ko ya fara da abin da ya yi kama da suka ya ƙare da addu'a. Tun daga ranar nan, kafin in taɓa kowane saƙo sai na nemi waɗannan kalmomi: amma, sai dai, sai da, duk da haka, in ba don. Duk inda na gan su, almakashina ba ya shiga gabansu. Saƙon da bai dire ba, ba na miƙa shi ko da mai gabatarwa zai ƙare shirin da kiɗa. In ya yi tsawo, ko dai a ce "a taƙaice yana cewa" don mai sauraro ya san bakinmu ne ba na mai saƙo ba, ko a ajiye shi sai gobe. In kuwa akwai zargi a ciki, ina kiran mai shi in karanta masa abin da za a faɗa da sunansa, in ce, "Haka kake nufi?" Wasu abokan aikina na ganin ɓata lokaci ne da kati. Su ba su durƙusa gaban tsohon nan ba. Kuma abin ya fi muni yanzu da ake aiko saƙon murya, don a kwamfuta za ka iya cire "amma" har da numfashin da ke gabanta, a ji muryar mutum da kansa yana faɗin abin da bai faɗa ba.

Na biyu shi ne suna. Wata yarinya da ke koyon aiki a ƙarƙashina ta taɓa karanta saƙon wata mata daga sama har ƙasa ba ta fara dubawa ba. Matar ta fara da sunanta da unguwarsu kamar yadda aka saba, ta kawo kukan cewa maigidanta ya yi wata biyu bai ba da kuɗin cefane ba, sai a layin ƙarshe ta ce "don Allah a sakaya sunana". Yarinyar ta karanta har wannan layin, da muryarta, a iska. Na ga jikinta ya yi sanyi, amma magana zarar bunu ce. Laifin nawa ne da na bar saƙo ya kai gare ta ban gani ba. Abin da ya faru a gidan matar nan daren ranar, Allah kaɗai Ya sani, don mun kira lambar an kashe.

Wai me ya sa kuke jira sai mutum ya roƙa kafin ku rufa masa asiri? Magana in ta shafi aure, ko ciwo, ko bashi, ko gado, ko rikici da mai unguwa, ni cire suna nake yi ko an ce ko ba a ce ba. Cire suna kaɗai ma bai isa ba. In ka ce "wata baiwar Allah, matar mai shayin bakin tasha a unguwa kaza", ai ka faɗi sunan. A bar garin kawai, a jefar da sauran. Saƙon murya a irin wannan magana ba na sa shi, don murya ita ma suna ce, uwar miji za ta gane ta tun daga sallama. Nakan rubuta shi a karanta. Lambar waya kuwa, wanda duk ya karanta ta mace a iska ya haɗa ta da kiran dare na 'yan iska har sai ta sauya layi.

Sai masu gyara wa mutane Hausa. Basakkwace ya rubuto "shina gidanai", yaro ya ɗauki biro ya mayar "yana gidansa", wai ya gyara kuskure. Wane kuskure? Ya ce "biyat", ya ce "hwari", ya ce "ɗiyata", haka uwarsa ta koya masa, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Labarai ne ake rubutawa da daidaitacciyar Hausa, saƙon mutum kuwa nasa ne. Wani gyaran ma ɓarna ce tsagwaronta. Mai sauraro daga Maraɗi ko Damagaram in ya ce jikka goma, sefa dubu goma yake nufi, don a Nijar jikka ɗaya sefa 1,000 ce, dala ɗaya kuma sefa 5. A Najeriya jaka naira 200 ce. Na ga wanda ya mayar da "jikka goma" zuwa "naira dubu biyu" yana ganin ya sauƙaƙa wa jama'a. In ya ce "lakwal", makarantar boko yake nufi, a karanta yadda ya faɗa, in ana so a ƙara bayani daga baya. Abin da nake gyarawa kawai shi ne rabon kalmomi da wurin tsayawa, don mai gabatarwa kada ya yi tuntuɓe.

Wannan ya kawo mu kan ƙugiya, wato lanƙwasar da ke bambanta ɓ, ɗ, ƙ da b, d, k. Yawancin masu rubuto saƙo ba sa sa ta. "Fada" na iya zama fadar sarki, na iya zama faɗa. "Baki" na iya zama baƙi. "An yi fada a gidan hakimi" in ka karanta shi a gurguje ka haddasa rikicin da babu shi. A karanta kowane saƙo da ƙarfi a waje kafin a shiga da shi, a sa ƙugiya da jan biro.

Habaici kuma sai mai kunne. Gaisuwa ce a ido: ana gaida masoya, ana yi wa "mai jan zane ta ƙofar kudu" fatan Allah Ya sanyaya mata zuciya. Kai ba ka san kowa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma kishiyar tana tsakar gida da rediyonta a kunne. Duk gaisuwar da ta siffanta mutum ba ta ambaci sunansa ba, ina ajiye ta gefe.

Zargi da suna ba tare da hujja ba, musamman lokacin zaɓe da sojojin baka ke aiko saƙo ɗaya da layuka biyar: kada ku ɗauka cewa "ra'ayin mai sauraro ne" zai cece ku. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, da aka kafa a 1992, tasha take kamawa, ba mai tes ba, haka ma lauyan wanda aka ɓata wa suna.

Saƙon da ya zo da "Manzon Allah (SAW) ya ce" ko "in ji Shehu Usmanu Ɗanfodiyo" ba ya wucewa ta hannuna sai na nuna wa malamin da ke shirin addini. Da yawa kwafe ne daga WhatsApp, kuma jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba ba ƙaramin abu ba ne. Haka wanda ya ɗauko baitin mawaƙi ko zancen wani ya sa sunansa a ƙasa, in kun gane, ku faɗi mai shi.

Kada a karanta saƙo da muryar ba'a, kada a kwaikwayi karin harshen mai shi don a ba abokin gabatarwa dariya. Kada kuma a ƙirƙiro saƙo ranar da waya ta yi shiru, masu sauraro na ganewa.

Akwai wani kuskuren da ba ya kawo ƙara ko tara, shi ya sa ba wanda ke tsawatarwa a kansa, ni kuwa yana ci mini rai: zaɓen mutum biyar ɗin nan kullum. Kowace tasha na da su, shugabannin ƙungiyoyin masu sauraro, masu laƙabi mai tsawo, sun iya tsara magana, sun san lokacin da ake buɗe waya. Sabon yaro yakan ɗauke su saboda saƙonsu ba ya buƙatar aiki. Ba na ƙin su, su ne suka riƙe shirye-shiryen nan shekara da shekaru. Amma a ƙasan wayar akwai saƙon da aka rubuta da ƙyar, babu aya babu waƙafi, na matar da ta ari wayar maƙwabciya, ko makiyayin da ya hau tudu kafin ya samu sabis. An ce ra'ayi riga ce, kowa da irin tasa, to me ya sa kullum riguna biyar muke shanyawa?

Ni littafi nake ajiyewa, irin na 'yan makaranta mai layi. Duk wanda aka karanta saƙonsa ina rubuta sunansa da garinsu da kwanan wata. Wanda ya fito sau biyu a mako ya jira mako mai zuwa, ko ya yi fushi, kuma suna yi, har kira suke su tambaya ko an yi musu laifi. Cikin goman da nake miƙawa, uku aƙalla na mata ne, biyu na waɗanda ban taɓa ganin lambarsu ba. Zaɓen kuma daga ƙasan wayar nake fara shi in hauro sama, don waɗanda suka aiko tun safe ba su san ƙarfe nawa ake shirin ba.