Yadda ake mayar da shirin C zuwa WebAssembly

Masu yawan tambaya kan sa shirin da aka rubuta da harshen C ya yi gudu a burauza, sai an mayar da shi WebAssembly (wasm a taƙaice, wato tsarin da burauza ke iya gudanarwa). Ga matakan:

1. Sauke emsdk, wato ƙunshin kayan aikin Emscripten (manhajar da ke mayar da C zuwa WebAssembly), daga shafin GitHub.
2. Buɗe tasha (terminal, wurin rubuta umarni) a cikin foldarsa, rubuta: ./emsdk install latest
3. Sai: ./emsdk activate latest
4. Sai: source ./emsdk_env.sh

Hattara: duk sabuwar tasha da ka buɗe, maimaita mataki na 4, in ba haka ba kwamfuta za ta ce ba ta san emcc ba, wato umarnin da ke mayar da shirin a mataki na 5.

5. A foldar da fayil ɗin shirinka yake (a nan sunansa gwaji.c), rubuta: emcc gwaji.c -O2 -o gwaji.html
6. Tabbatar fayil uku sun fito: html, js da wasm.
7. A wannan foldar, kunna ƙaramar saba (server, mai miƙa wa burauza fayilolin): python3 -m http.server

Nan aka fi tuntuɓe. Kada ka danna gwaji.html kai tsaye, burauza za ta ƙi ɗauko wasm ɗin.

8. A burauza, buɗe localhost:8000/gwaji.html