Kafin ka bi kwalekwale zuwa kamun tuna a tekun Ghana

Aikina gyaran injin kwalekwale a bakin ruwan Sekondi, kuma nakan bi masunta cikin teku idan injin da na gyara yana bukatar a saurari kukansa a bakin aiki. 'Yan'uwanmu da suka saba da kamun kifi a Yeji da sauran garuruwan tafkin Volta sukan zo neman gurbi a jiragen Fante. Da su nake magana.

Tuna ba kifin bakin gaɓa ba ne. Sai an wuce inda ƙasan teku ke gangarawa ya yi zurfi, ruwa ya rikiɗe daga kore zuwa shuɗi, kuma tsakanin Takoradi da Cape Coast wannan tafiya ce ta kilomita da dama. Tun kafin ka isa, ƙasa ta ɓace maka, sabis ɗin waya ya ɗauke. A can, abin da ya fi jefa mutane cikin halaka shi ne inji ya mutu kuma babu wanda ya san inda suke. Ruwan wannan yanki galibi gabas yake ja, don haka jirgin da ya lalace a nan yana iya ɓullowa Togo ko Binin bayan kwanaki, idan an yi sa'a kenan.

Saboda haka shirin dawowa ake fara yi tun kana tudu. Ka faɗa wa mai jirgin ko sarkin masuntan wurin ɓangaren da kuka nufa, ku nawa ne, da ranar da za a fara nemanku idan ba a gan ku ba. Kada ka ce "sai mun dawo" kawai. Ka ambaci rana. In da hali ku fita jirgi biyu, ku riƙa hango juna.

Mai kuwa ka raba shi uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi ko kifi na tsalle a gabanka. Jirgin da ya cika da kifi da ƙanƙara ya fi shan mai a dawowa, mutane suna mantawa da wannan. Firimis, wato fetur ɗin da aka haɗa da man inji, idan ya daɗe a durom yakan tara ruwa a ƙasa, ka tace shi da kyalle mai tsabta, kuma kada ka juye na ƙarshen jarka cikin tanki. Yawancin jiragen nan injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ke tura su, inji ne mai haƙuri, amma ba ya yafe datti. Ka ɗauki fulogi sababbi da sifanarsu, igiyar tayar da inji ta biyu, farfela, tiyon mai, duk a cikin bokiti mai murfi. Ka kuma tabbata akwai filafilai da tamfol da za a iya ɗaga shi a kan gora iska ta tura ku. Ni dai ba na taka jirgin da ba shi da waɗannan, ko nawa za a biya ni.

Idan duk da haka injin ya ƙi tashi, abu na farko shi ne rage gudun da ruwa ke yi da ku. Anga ba ta isa ƙasa a wannan zurfin. A ɗaure taru ko tamfol da doguwar igiya daga goshin jirgi a sake shi cikin ruwa. Zai riƙe ku, ya kuma sa goshin ya fuskanci igiyar ruwa maimakon ta buge ku a haƙarƙari. Sannan a fara auna ruwan sha tun ranar farko. Ku ɗauki ninki biyu na abin da kuke zaton za ku sha, a jarkoki daban-daban, da gari da sukari. Ruwan teku ba a sha, ƙishi yake ƙarawa.

Waya a cikin leda biyu, da cajinta. Amma rediyon hannu na VHF ya fi ta amfani a can, domin manyan jirage suna sauraren tasha ta 16. Ƙaramar na'urar GPS za ta ba ka lambobin inda kuke, waɗanda za ka faɗa. Madubi da rana, tocila da dare, usur a wuya.

Rigar ceto wasu ke wa dariya, wai ta masu yawon buɗe ido ce. Ka sa abarka, musamman da dare. Mutum yakan faɗa ruwa ne a lokacin da ya tashi kama ruwa a gefen jirgi sauran na barci, don haka ka taɓa wani kafin ka miƙe. Idan jirgi ya kife, kada ka yi iyo neman gaɓar da ba ka gani. Kwalekwalen da itacen da a nan ake kira wawa ake sassaƙa shi, itace mara nauyi, ba ya saurin nutsewa, kuma ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa. Ka riƙe shi, ka rungumi jarka mai murfi.

Shi kansa kifin a yi hattara da shi. Tuna mai rawayan fiffike yana iya haura kilo 100, kuma idan ya ja, sai ka ce babur ne aka ɗaura wa igiyar. Kada ka naɗe igiya a hannu, kada ka tsaya cikin naɗinta a ƙasan jirgi, wuƙa kuma ta kasance a ƙugunka don yanke ta idan ta kama ƙafa. Kada kowa ya ruga gefe ɗaya lokacin ɗago shi. A kashe shi kafin a shigo da shi, a wanke jinin nan take saboda santsi. Kuma idan ruwa ya kusa leɓen jirgi, a bar sauran kifin. Lodi ya kifar da jirage da yawa.

Tuna yana son taruwa kusa da fitilun jirgin sarrafa ɗanyen mai da ake kira Kwame Nkrumah a filin mai na Jubilee da ke cikin teku, wanda ya fara aiki a 2010. An hana kusantar sa da mita 500, sojojin ruwa na sintiri, ga jiragen hidima da ke kai-kawo. Haka hanyoyin shiga Tema da Takoradi: jirgin katako da ƙyar yake fitowa a na'urar hangen babban jirgi, shi kuma ba ya iya tsayawa nan take. Fitila a kan sanda duk dare, mutum ɗaya kuma idonsa biyu.

Ka saurari hasashen yanayi kafin fita. Daga Maris zuwa Yuni hadari kan taso farat ɗaya da iska mai ƙarfi, yawanci daga gabas. Da ka ga baƙin nan ya tsaya, a ɗaure kaya, a zauna ƙasa, a shirya abin kwarfe ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne ke rufe gaɓa da taurari, lokacin kamfas ke da rana. Ranar Talata kuma, da yawancin garuruwan bakin tekun nan ba sa fita kamun kifi, ita ce ranar da za ka kwance kafireta ka wanke, ka duba igiyoyi, ka toshe duk inda jirgi ke tsatsar ruwa.