Kurakuran da aka fi yi a yawon buɗe ido da bas a Ailan

Babban kuskuren tun kafin a hau mota ake tafka shi, wato ɗaukar tsibirin Ailan a matsayin ƙasa ɗaya. Bas ɗin da ke tashi daga Dublin zuwa Giant's Causeway, inda ginshiƙan dutse kusan 40,000 suka jeru a bakin teku, Ailan ta Arewa yake shiga, ita kuwa yankin Birtaniya ce. Babu shinge a kan iyakar, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Amma mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Birtaniya, ta Ailan ba za ta fisshe shi ba. Ta Schengen kuwa ba ta aiki a duk faɗin tsibirin. Kuɗin ma daban: yuro a kudu, fam a arewa.

Sai zari. Daga Dublin zuwa tsaunukan Moher da ke bakin teku a yammacin tsibirin tafiyar sama da awa 3 ce, dawowa ma haka. In ka zaɓi tafiyar da ta cusa wurare barkatai a yini guda, a kujera za ka wuni, kana leƙen tumaki ta taga. Gara ka kwana a Galway, birnin da ya fi Dublin kusa da Moher, ka yi sammako daga can. A watan Disamba ma wajen ƙarfe 4 na yamma rana ke faɗuwa.

Bar lema a masauki. A saman Moher, mai tsayin mita 214, iskar Atilantika juye ta za ta yi. Rigar ruwa mai hula ka nema, da takalmin da ba ya santsi, kuma kada son hoto ya sa ka tsallake katangar da aka yi a bakin gaɓa.

A zagayen Ring of Kerry mai kilomita 179, bas na barin garin Killarney ta hanyar garin Killorglin, teku na hannun dama. Zauna ɓangaren direba, wanda a can a dama yake zama. Mai jiri ya nemi gaba, don hanyar ƙunci gare ta da kwana-kwana.

Abinci kuma sai da tambaya. Baƙin abin nan mai kama da yankan nama, wato black pudding, da ke zuwa cikin karin kumallonsu da jinin alade ake yin sa, miyar kifi ma wani lokacin ana jefa mata naman alade. A ƙauyuka da wuya ka samu naman halal, don haka yi guzurinka tun daga birni.