Ciwon bipola: inda dangi ke kuskure wajen tsare ran majinyaci

Mai ciwon bipola yana rayuwa ne tsakanin hali biyu. Wani lokaci ya hau sama: ba barci, surutu ba tsayawa, ya kwashe jarin shago ya rabar. Wani lokaci kuma ya faɗi warwas, ko fita daga ɗaki ta gagare shi. A gidajenmu na Maradi hankalin dangi yakan tashi ne a hali na farko, don shi ke jawo kunya a unguwa. Da ya yi shiru sai a ce alhamdu lillahi, ya lafa. To, a nan babban kuskuren yake. Yawancin masu wannan ciwo da suka kashe kansu, a lokacin baƙin ciki suka yi, ko lokacin da halayen biyu suka cakuɗe.

Wannan cakuɗewar ce ba a cika ganewa ba. Zuciya ta yi baƙi ƙirin, mutum ya yanke ƙauna, amma jikinsa cike da kuzari. Ƙarfe uku na dare yana kai da kawowa a tsakar gida, ya zauna bisa tabarma ya zabura, abu kaɗan ya harzuƙa. Wanda baƙin ciki zalla ya danne sau da yawa ba shi da ƙarfin aikata abin da ke ransa. Wannan kuwa yana da shi. In aka ga haka, ga barci ya ƙaurace, a kai shi asibiti a ranar.

Wani kuskuren kuma shi ne ɓoye wa likita abin da ya fi bukatar ji. Ba alamar da ta kai yunƙurin kashe kai da mutum ya taɓa yi a baya nuna haɗari, amma sai a rufe zancen don kada a ɓata sunan gida. Haka in wani a dangi, kawu ko kaka, ya taɓa kashe kansa: ciwon yana bin jini, haɗarin ma haka. Likita ba mai unguwa ba ne, a faɗa masa.

Wasu na tsoron tambaya, wai kada a cusa masa tunanin. Tambaya ba ta cusa shi. A samu lokacin da ba kowa, a ce: "Yaya, nauyin nan da kake ji, ya taɓa kai ka ga tunanin rabuwa da duniya?" In ya ce e, kada a hau shi da wa'azin wuta. Ya san hukuncin, kuma daga ranar ba zai sake buɗe baki ba. Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani.

Maganin kuwa, da zarar mutum ya murmure sai a ce ya warke, a daina saye. Maganin litiyom, wanda wani likita a Ostareliya ya bayyana amfaninsa kan wannan ciwo a 1949, yana rage haɗarin kashe kai, amma yanke shi farat ɗaya na maido da ciwon da haɗarin tare. Yana kuma bukatar gwajin jini, kuma ƙishirwa na iya tara shi a jiki har ya zama guba. Don haka zafin watan Afirilu da azumi, a yi shawara da likita tun kafin su zo. Ƙwayar maganin baƙin ciki ita kaɗai, ta hannun mai talla, tana iya jefa mutum cikin cakuɗewar nan. Taramol da wiwi da giya kuwa suna ƙara tsananta komai.

Lokaci biyu ne dangi suka fi sakin jiki: makonnin farko bayan sallama daga asibiti, da kwanakin jego ga mace mai ciwon. A duka biyun ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Kada a bar mutum ya kwana shi kaɗai, a rage wa mai jego rainon dare ta samu barci. Maganin ƙwarin gona da ke rataye a zaure ya koma inda ake kullewa, ƙwayoyinsa kuma wani babba ya riƙe, yana ba shi na yini-yini.